Sabara Tsakanin Gona da Tukunyar Magani

Daga Daura zuwa Damagaram, daga Sakkwato zuwa Birnin Ƙonni, idan bazara ta kai tsakiya, ciyawa ta ƙare, dabbobi sun cinye karan gero har ƙasa, tsirran da ke saura da ɗanyen ganye a gonakin jigawa ba su da yawa, kuma a cikinsu da wuya a sami wadda ta kai sabara yaɗuwa. Ba ta da kwarjinin kuka, ba ta kuma ba da 'ya'yan da za a kai kasuwa irin na tsamiya ko ɗorawa. Rassa ne da yawa ke fitowa daga tushe guda, tsayinsu yakan tsaya tsakanin mita ɗaya zuwa uku. Ganyenta ƙanana ne masu launin toka-toka, kuma duk wanda ya juya bayan ganyen ya duba da kyau zai ga wasu ɗige-ɗige baƙaƙe a warwatse. Furenta ɗan dunƙule ne mai ruwan ɗorawa, 'ya'yanta kuwa sirara ne masu gashi mai laushi, suna fitowa a tattare wuri guda. Masana tsirrai na kiran ta Guiera senegalensis. Yankinta ya miƙe tun daga Senegal da Muritaniya har Sudan, ta fi kuma son ƙasa mai rairayi inda ruwan damina ke kaiwa milimita 400 zuwa 800 a shekara.

Hannu biyu Bahaushe ke riƙe sabara da su. A gona, da zarar an shiga shara a watan Afrilu ko Mayu, ita ake fara kai wa gatari. A sare ta, a tara rassan, a cinna musu wuta, wani ma ya bi kututturen ya tone don kada ta sake tohowa. A gida kuwa ganyenta ake tafasawa a tukunya, mai jego ta tsoma damin ganyen a ruwan zafi tana fyaɗa wa jikinta safe da yamma. Shi ake jiƙa wa mai gudawa da mai tari, shi ake shanyawa a daka a zuba a kunu ko nono. A 'yan shekarun nan masu tallar magani sun ƙara mata girma, har ana jin masu cewa tana warkar da ciwon daji. Ke nan inda amfaninta ya riga ya tabbata, nan ake wulaƙanta ta, inda kuma bai gama tabbata ba, nan ake kai ta inda Allah bai kai ta ba. A ganina an juya lamarin ne. Hujjar da ke hannu a yau ta isa ta sa manomin jigawa ya ɗauki sabara a matsayin abin nomawa, ya rene ta da gangan. Maganar magani kuma tana da tushe, amma ba za a san iyakar gaskiyarta ba sai an auna, kuma ba a iya auna abin da kowa ke tsinkowa a daji yadda ya ga dama.

A fara da abin da aka riga aka auna. Tun farkon shekarun 2000 wasu masanan Senegal da na Amurka, cikinsu har da Farfesa Richard Dick na Jami'ar Jihar Ohio, suka keɓe filayen gwaji a Keur Matar, kusa da birnin Thiès, a ƙasa mai rairayi irin ta jigawarmu. Wasu filayen aka bar su fayau, wasu aka cika su da sabara har kimanin 1,500 a kowace hekta, alhali a gonakin manoman yankin ba ta cika wuce 'yan ɗaruruwa ba. Kowace shekara kafin shuka ana sare rassan, sai dai maimakon a ƙone su, sai a daddatsa a mayar wa ƙasa. Bana a noma gero, baɗi a noma gyaɗa. Shekara bayan shekara amfanin da ake girba ya fi yawa a filayen da ke da sabara, ko an sa takin zamani ko ba a sa ba, kuma ƙasarsu ta fi tara ruɓaɓɓen ganye da ƙananan halittun da ke raya ƙasa. A 2018 suka wallafa sakamakon wani gwaji da ya fi kowanne jan hankali. Sun shuka gero da ban-ruwa, sannan suka yanke ruwan da gangan don su haifar da fari. Suka ba saiwar sabara ta can ƙasa wani ruwa mai alama, wato ruwa mai ɗauke da wani nau'in haidurojin mai nauyi wanda na'ura ke iya bin sawunsa. Cikin awa 12 zuwa 96 wannan ruwa ya bayyana a jikin geron da ke gefe. Da aka auna nauyin geron, na wajen sabara ya ninka na filin da babu ita fiye da sau tara.

Yadda abin ke faruwa bai da wuyar fahimta. Saiwar gero a sama-sama take, ta sabara kuwa tana nutsawa mitoci da dama har ta kai inda ƙasa ke da laima ko da rani. Da rana ruwan da ta jawo yana fita ne ta ƙananan ƙofofin da ke jikin ganye. Da dare ƙofofin nan sukan rufe, amma ruwan bai daina hawowa ba, don haka sai ya tsiyaye ta ƙananan saiwoyin da ke kusa da doron ƙasa, inda rairayi ya bushe, kuma nan ne daidai inda saiwar gero take. Ruwan ba mai yawa ba ne, amma a makon da sama ta ɗauke ana tsakiyar fitar da kai, ɗan abin nan shi ke raba zangarniya mai ido da wofi. Ban da ruwa, sabara na tare ƙurar hunturu da ganyayen da iska ke kwasowa, shi ya sa gindinta yakan yi ɗan tudu mai ƙasa baƙa-baƙa fiye da ta kewaye. Dabbobi na fakewa a inuwarta su bar kashi. Lokacin girmanta ma bai ci karo da na gero ba: an sare ta kafin shuka, gero ya yi gaba ya rufe ta, ita kuma ba ta sake yin ƙarfi sai bayan girbi. Binciken da aka yi a gonakin manoma a yammacin Nijar ya nuna abu makamancin haka, geron da ke kusa da gindin sabara ya fi na nesa da ita.

Tsohon manomi zai ce ai sabara alamar matacciyar ƙasa ce, gonar da ta gaji ita sabara ke mamayewa. Abin da ya gani gaskiya ne, fassarar ce ke da gyara. Sabara ta yawaita a gajiyayyar ƙasa ne saboda ita ce ke iya jure wurin bayan marke da kanya da sauran manyan itatuwa sun tafi. A da, idan gona ta gaji sai a bar ta ta huta shekaru, ta koma saura, kuma a cikin sauran nan sabara da kalgo da geza su ne ke aikin farfaɗo da ita ba tare da kowa ya gode musu ba. Yau jama'a sun yi yawa, gado ya raba gonaki ƙanana-ƙanana, babu mai barin fili ya huta. Tunda ba za a iya kai gona ga saura ba, abin da ya rage shi ne a shigo da saura cikin gona.

Manoman Maraɗi da Damagaram sun riga sun gwada haka, kuma a fili mai faɗin gaske. A 1983 wani ɗan ƙasar Ostireliya mai aikin gona a yankin Maraɗi, Tony Rinaudo, wanda ya gaji da dasa itatuwan da ke mutuwa, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sarewa kowace shekara a gonaki toho ne na kututturan da saiwarsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. Babu bukatar shuka sabo, a daina kashe wanda ke nan kawai. Yunwar 1984 ta sa manoma da yawa suka karɓi tsarin domin samun tallafin abinci, wasu suka watsar da shi da tallafin ya ƙare, amma waɗanda suka riƙe suka ga itacen girki da abincin dabbobi da ƙarin hatsi, maƙwabta kuma suka kwaikwaya. Shi ne ake kira sassaben zamani. Bayan shekara ashirin da 'yan kai, hotunan tauraron ɗan'adam da bincike a ƙasa suka nuna cewa hekta kusan miliyan 5 ta sake yin itatuwa a kudancin Nijar, kimanin itace miliyan 200. Gawo ne ya fi shahara a wannan labari, domin shi ake hangowa daga nesa, amma a gonakin jigawa da yawa sabara da kalgo ne suka fara amsawa.

Saboda haka noman sabara, a mafi yawan wurare, ba ya farawa da iri. Yana farawa da barin kututture. Mai son itacen girki da sandunan shinge yakan zaɓi toho biyu zuwa biyar mafi ƙarfi a kowane tushe, ya sare sauran, ya rage ƙananan rassan da ke ƙasa don waɗanda aka bari su miƙe. Mai neman amfanin gero kuwa zai iya sare dukkan rassan daidai da ƙasa gab da shuka, kamar yadda aka yi a Keur Matar, muddin bai taɓa tushen ba kuma bai sa wuta ba. Ganye da ƙananan rassa a baza su a gona, gara da ruwan sama za su ƙarasa aikin, manyan sanduna kuma a kai gida. Inda sabara ta yi ƙaranci, hanya mafi sauƙi ta yawaita ta ita ce wadda ita kanta ke bi a daji: reshen da ya kwanta ya taɓa ƙasa mai laima yakan yi saiwa. Da damina ta kankama sai a lanƙwaso reshe mai tsawo, a binne tsakiyarsa a ɗan rami, a danne da ƙasa, a bar kansa a waje. Idan ya kama sai a yanke shi daga uwar. An gwada wannan dabara a Burkina Faso ta kuma yi aiki. Ana iya renon iri a leda a dasa, amma dashe a jigawa yana fama da awaki da rani na farko, don bai da zurfin saiwar da tsohon kututture ke da shi. Sabara 1,500 a hekta na nufin kusan taku uku tsakanin kowace biyu, kuma babu wanda ya ce manomi ya kai wannan adadi a damina ɗaya.

Akwai ƙorafe-ƙorafen da bai kamata a share su ba. Garmar shanu na son kunya miƙaƙƙiya, tarakta ta fi ta son haka, kututture kuwa yana karya garma. Maganin wannan shi ne a bar sabarar da ta faɗo a kan layi, a cire wadda ta tare hanya, sabon dashe kuma a jera shi. Daddatsa rassa aiki ne da ya fi cinna wuta cin lokaci, a daidai lokacin da hannu ya yi ƙaranci, kuma wannan farashi ne na gaske da manomi zai biya. Sakamakon filin gwaji, inda aka kewaye da waya kuma ma'aikata ke lura, ba lallai ne ya maimaitu cif a gonar da dabbobin gari ke kwana a cikinta da rani ba. Amma ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na mallaka. Ba mai renon itacen da wani zai zo da dare ya sare, ko wanda ma'aikacin gandun daji zai ci shi tara idan ya taɓa. A Nijar sassaben zamani bai bunƙasa ba sai da manoma suka tabbata itacen gonarsu nasu ne, ƙauyuka suka kafa dokokinsu na hana sata, daga baya kuma hukuma ta bi sahu. Duk waɗannan matsaloli ne na tsari da aiki. Babu ɗaya daga cikinsu da ya rushe abin da aka auna a jikin gero.

Maganar magani daban take, kuma nan ne ake bukatar taka-tsantsan. Ba yau aka fara rubuta amfanin sabara ba. J. M. Dalziel, likitan da ya yi aiki a Arewacin Nijeriya ya kuma wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916 da babban littafinsa na tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937, ya kawo ta. Abin lura shi ne Wolof da Bambara da Mosi da Fulani da Hausawa da mutanen Sudan, waɗanda ba harshensu ɗaya ba, sun haɗu a kan cututtuka kusan iri ɗaya: tari, gudawa da atuni, zazzaɓi, ƙuraje da gyambo. Irin wannan haɗuwa ba hujja ce yankakkiya ba, amma alama ce da mai bincike ba zai raina ba. Da aka tace ganyen da saiwar an sami tanin mai yawa, wato sinadarin da ke kawo bauri a baki, da wasu sinadarai masu suna harman da tetarahaidaroharman waɗanda ke iya taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, da kuma wani da aka sa wa suna guieranone A. A 2005 masu bincike na cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja, NIPRD, suka nuna cewa ruwan saiwar na rage gudawa da gyambon ciki a jikin ɓeraye. A 2000 masana na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka wallafa cewa ruwan ganyen na rage ƙarfin dafin kububuwa da na kumurci. An ga tana da ɗan tasiri a kan ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin kwalba, sannan a 2012 Victor Kuete na Kamaru da abokan aikinsa a Jamus suka nuna guieranone A na kashe wasu ƙwayoyin ciwon daji da aka rena a ɗakin gwaji.

Mai tallar magani zai tsaya a nan ya ɗaga lasifika. Sai dai kusan duk waɗannan gwaje-gwaje a kwalba aka yi su ko a jikin ɓera, kuma tazarar da ke tsakanin kwalba da ɗan'adam ta fi yadda ake zato. Gwajin dafin maciji ya isa misali. Abin da aka yi shi ne an gauraya dafin da ruwan ganyen tukuna, sannan aka yi wa ɓeraye allurar haɗin. Dafi furotin ne, tanin kuma aikinsa ke nan ya kama furotin ya ɗaure shi. Wannan sinadarin ne ke cikin bagaruwar da majema ke jiƙa fata a ciki don kada ta ruɓe. Ba abin mamaki ba ne ya ɗaure dafin da aka zuba masa a mazubi ɗaya. Manomin da kububuwa ta sara a ƙafa kuwa, dafin ya riga ya shiga jini yana hana shi daskarewa, ruwan sabarar da zai sha kuma cikinsa zai nufa, yawancin tanin ɗin ma ba zai ratsa hanji ba. Abin da ke ceton irin wannan mutum shi ne allurar kashe dafi irin wadda ake yi a asibitin Kaltungo da ke Jihar Gombe, kuma kowace awa da aka ɓata wajen tafasa ganye daga ransa ake cire ta. Haka batun ciwon daji yake. Abubuwa da yawa na kashe ƙwayar daji a cikin faranti, tambayar ita ce ko za su kai gare ta a cikin jiki da ƙarfin da zai kashe ta bai kashe mai ita ba. Ko a cikin magungunan da suka tsallake matakin ɓera aka fara gwada su a jikin mutane, kusan tara cikin goma ba sa samun amincewa. Matar da ta ji ƙullutu a mama ta yi wata shida tana shan garin sabara, babbar ɓarnar da aka yi mata ita ce watannin nan shida.

Za a ce ai kaka da kakanni sun sha ba su mutu ba, kuma da ba ta aiki da tuni an watsar da ita. Wannan magana na da ƙarfi a wuri ɗaya: tsiron da ke kashewa nan take ba ya daɗewa a tukunyar magani, kuma daɗewar da aka yi ana shan ganyen sabara na nuna ba guba ce mai saurin kisa ba. Amma akwai abubuwa biyu da ido ba ya iya gani komai tsawon zamani. Yawancin tari da gudawa suna warkewa da kansu cikin 'yan kwanaki, don haka duk abin da aka sha a kwana na uku shi ke karɓar yabo. Sannan cutarwar da ke zuwa a hankali ba a danganta ta da abin da ya jawo ta. A farkon shekarun 1990 mata fiye da 100 a Beljiyam suka sami lalacewar ƙoda, wasunsu daga baya suka kamu da daji a hanyar fitsari, bayan sun sha maganin rage ƙiba da ke ɗauke da wani tsiro na dangin Aristolochia. An shafe ɗaruruwan shekaru ana amfani da tsirran wannan dangi a Sin da Turai ba a gane ba, kuma duman dutsen da ake sayarwa a kasuwanninmu ɗan wannan dangi ne. Ba ana cewa sabara na da irin wannan guba ba. Ana cewa daɗewa kaɗai ba ta wanke kowane tsiro. Abin da aka sani tabbas shi ne tanin na rage yadda hanji ke tsotse sinadarin ƙarfe daga abinci, wannan kuwa abin dubawa ne ga mai ciki da mai jego a ƙasar da ƙarancin jini ya yi wa mata katutu. Jaririn da bai kai wata shida ba nonon uwa kaɗai ya kamata ya sha, ba dauri ba, kowane ganye ne a ciki. Yaro mai gudawa kuma ƙarewar ruwan jiki ke kashe shi, don haka ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc su ne a gaba.

A ɗaya gefen akwai likitan da ke jin an ambaci sassaƙe ko saiwa ya taɓe baki. Shi ma tarihi bai goya masa baya ba. Daga ɓawon itacen sinkona aka fitar da kwinin a 1820. Maganin zazzaɓin da ake ba yara a asibitocinmu a yau ya samo asali ne daga artemisinin, wanda mai bincike Tu Youyou da tawagarta suka tace a 1972 daga wani ganye da ke cikin tsofaffin littattafan maganin Sin, abin da ya kai ta ga kyautar Nobel a 2015. Amma a duba yadda aka kai can. Sun tattara haɗe-haɗen gargajiya fiye da 2,000, sun gwada ɗaruruwan tatattun ruwan tsirrai, kuma ko ganyen da ya yi nasara bai nuna cikakken ƙarfinsa ba sai da suka gane cewa zafi na lalata sinadarin, suka koma tacewa ba tare da tafasawa ba. Gargajiya ta nuna hanya, awo ne ya tantance. A nan gida ma, NIPRD ta ɗauki wani haɗin gargajiya na tsirrai huɗu, ciki har da masoro da kanumfari da karan dafi, ta mayar da shi Niprisan, gwajin da aka wallafa a 2001 kuma ya nuna yana rage yawan tashin ciwon sikila. A Mali an je wani ƙauye inda mai maganin gargajiya ke ba da dafaffen ganyen wani tsiro mai ƙaya, Argemone mexicana, aka kwatanta shi da maganin asibiti a kan masu zazzaɓi 301. Kashi 89 cikin ɗari na masu shan ganyen ba su bukaci wani magani na biyu ba, a kan kashi 95 na masu shan maganin asibiti. Ba a gina masana'anta kafin a yi wannan gwaji ba. An yi shi da tukunya da ma'auni da takardar rubuta sakamako.

Irin wannan gwaji ne sabara ke jira, kuma nan ne maganar gona da ta magani ke haɗuwa. Sinadaran da ke cikin ganye suna canzawa gwargwadon ƙasar da tsiron ya fito, da lokacin da aka tsinka, da shekarun reshen, da yadda aka shanya shi, a rana ko a inuwa. Ƙullin garin sabara biyu da aka saya a kasuwa ɗaya na iya bambanta ƙwarai a ƙarfi, ban da ƙasa da ƙura da funfunar da kan shiga, ban da kuma ganyen bakin titi da ya sha hayaƙin mota ko na gonar da aka yi wa feshi. Likitan da zai gwada ta a kan masu tari ɗari biyu dole ya tabbata na farko da na ƙarshe abu ɗaya suka sha. Wannan ba zai yiwu ba sai akwai gonakin da aka san su, ana tsinka a lokaci sananne, ana shanyawa a kan tabarma a inuwa, ana aunawa da sikeli maimakon tafin hannu. Manomin da ya bar sabara 500 ko 1,000 a gonarsa saboda gero, yana sare ta a wata guda kowace shekara, ya riga ya samar da wannan ganye ba tare da ƙarin fili ba. Akwai kuma wani haɗari da renon ke karewa. Idan suna ya fita, kasuwa ta buɗe, aka koma haƙar saiwa da buhu-buhu daga daji, to tushen da ke ɗago wa gero ruwa shi za a hallaka. Ganye na dawowa kowace shekara, saiwar da aka tone kuwa ta tafi ke nan. Wannan kaɗai ya isa ya sa masu bincike su fi mayar da hankali ga ganye.

Babu babban kamfanin magani da zai zuba kuɗi a kan tsiron da kowa zai iya tsinkowa a bayan gari, don haka aikin na jami'o'i ne da cibiyoyin gwamnati. Sassan harhaɗa magunguna na Zariya da Kano da Sakkwato sun yi gwajin ɓera mai yawa, kuma ƙara wani a kai ba zai amsa tambayar da ke bakin mutane ba. Matakin da ya dace shi ne ƙarami mai iyaka: a ɗauki cuta ɗaya wadda al'ummomi suka fi haɗuwa a kanta kuma jinkiri a cikinta ba ya kisa, kamar tarin mura ko gudawa mai sauƙi ga manya, a daidaita yawan ganye da ruwa da tsawon tafasawa, a duba hanta da ƙoda da jinin masu sha, a kwatanta da waɗanda ba su sha ba. Kafin a kai ga haka, mai sayen kwalbar da aka rubuta sabara a jikinta ya san cewa lambar da hukumar NAFDAC ke ba magungunan gargajiya a matakin farko shaida ce ta cewa an duba lafiyar abin ga mai sha, hukumar ba ta tantance jerin cututtukan da aka lissafa a jikin kwalin ba.